Injin Jirgin Ruwa a Zauren Baba

Ina tashar Tasawa bisa babur ɗina na kabu-kabu, ina jiran fasinja, wayar Yaya Hamisu ta shigo. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Sani, ka taho gida. Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kama hanyar garinmu Kona ban san yadda na iso ba. Kafin la'asar mun kai mahaifinmu, Malam Sahabi, makwancinsa.

Baba mutum ne mai ƙarancin magana. Idan maƙwabci ya ari fartanyarsa ya maido ta a dakushe, sai ya wasa ta bai ce komai ba, gobe ma ya sake ba shi. Bai taɓa cin tuwo a ƙofar gida bai kira mai wucewa ba. A ƙuruciyarsa ya bi 'yan garinmu zuwa Tafkin Cadi, ya yi shekaru yana su. Da tashin hankali ya kori mutane daga tsibirai, ya dawo gida da tabarma da buta da injin jirgin ruwa guda, aka sauke shi daga mota a garin da ko gulbi mai gudu babu.

Injin nan ya zauna a zaurenmu, tsaye jikin wani katako. Kowace shekara, idan an ɗaure gero sanyi ya fara shigowa, Baba zai fito da shi tsakar gida. Ya cika rabin tano, irin duron ƙarfen nan, da ruwa, ya tsoma ƙafar injin, ya tashe shi har ya yi ɗumi. Sannan ya tsiyaye esans ɗin, wato fetur, tas, don wanda ya daɗe a ciki yakan daskare ya toshe hanya. Ya kwance buji, filogin da ke ba injin wuta, ya ɗiga baƙin mai a ramin, ya ja igiya a hankali don man ya zagaye. Ya cire farfela ya shafa giris, ya bar injin a tsaye sai ruwan cikinsa ya sauka duka. Ba ya rufe shi da leda, sai buhun algarara. Yakan ce, "Leda tana sa ƙarfe gumi, gumin nan shi ke kawo tsatsa." Idan na gaji da miƙo mishi kayan aiki, sai ya ce, "Ajiya ma aiki ce, Sani. Ba jinginewa ake a tafi ba."

Mutanen gari sun saba da abin. Wasu kan tsaya bakin zaure su ce, "Malam, yaushe tafkin zai iso Kona?" Ya yi murmushi ya ci gaba da shafa mai. Mu 'ya'yansa mun ɗauka kewar ruwa ce irin ta tsufa.

Ranar sadakar uku, tun mutane ba su gama watsewa ba, ni da Yaya muka kira wani bakanike daga Tasawa ya duba injin, mu ga ko zai shiga rabon gado. Inna tana ɗaka cikin takaba, ba mu shawarce ta ba. Bakaniken ya yaye buhun, ya ja igiya, yana ta yaba yadda ciki yake kamar sabo. Muna tsugune a kai sai wata dattijuwa ta yi sallama, da wani magidanci a bayanta. Daga wajen Gidan Amumune suka zo gaisuwa. Ta ce sunanta Saratu, wannan kuma ɗanta Bulus.

Ta yi mana gaisuwa, sannan idonta ya sauka kan injin. Ta daɗe tana kallonsa.

"'Ya'yana, sayar da shi za ku yi?"

Yaya ya ce, "Dubawa dai ake yi, Iya."

Ta ce, "Na Ishaya ne, maigidana. Tare suka yi su da babanku. Ranar da aka kwashe mutane, Ishaya ya koma tsibiri neman ƙanensa, ya ce wa Malam ya riƙe mishi injin har ya zo."

Bai zo ba. Ta ce Baba ya kai mata injin a amalanke shekarar da ya dawo, ita ce ta ƙi karɓa. "Na ce mishi in na karɓa, na yarda ke nan ya mutu. Ka riƙe mishi, ya zo ya ɗauka da hannunshi." Baba ya juya da shi. Tun daga nan, duk shekara idan ya gama gyaran, sai ya aika mata da saƙon baki: kayan Ishaya suna nan lafiya.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Hannuna yana kan murfin injin, na rasa yadda zan janye shi. Yaya ya sunkuyar da kai. Bakaniken ya tattara ƙarafansa ya fice ba sallama. Da na shiga wurin Inna daga baya, ta dube ni ta ce, "Da kun tambaye ni, da na faɗa muku. Shi ma da kun taɓa tambayarshi, da ya faɗa."

Muka roƙi Iya Saratu gafara, muka ce Bulus ya tafi da kayan mahaifinsa. Bulus ya dubi uwarsa. Ta girgiza kai, ta share ido da bakin gyale.

"Ban shirya ba tukuna. In da mai iya riƙewa a cikinku, ya riƙe."

Na ce zan riƙe. Gero ya kusa shiga rumbu, na sayo baƙin mai da giris, kuma na nemi lambar Bulus don saƙon bana ya isa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sahabi, ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa amanar da ya riƙe ta tsaya masa ranar hisabi. Ka ba Inna haƙuri da lafiya. Ka sanyaya zuciyar Iya Saratu, ka bayyana mata gaskiyar abin da take jira. Mu kuma da ya bari, ka rufa mana asiri, ka sa mu fi yadda muka nuna a ranar sadakarsa. Amin.