Furannin Mma Lariya

A unguwar Alabar ta Kumasi babu wanda bai san Mma Lariya mai furen yumɓu ba. Daga wani rafi a Atonsu take ɗebo yumɓunta, ta yi ta murza shi da yatsa har ya zama fure, girmansa bai wuce farce ba. Sai ta gasa a murfin gwangwani bisa gawayi, ta shafa masa shuni ko jan fenti, ta manna da ƙaro a kan kwali. Katin Sallah ke nan. Ga faɗa kuma: taɓa mata fure kafin ya huce, ka sha zagi har kakanka.

Cikin azumin 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Ghana. Ni makanike ne a Suame Magazine, a Kumasi aka yanke mini cibiya, amma wai ni ne baƙo! Sai ga ni a bayan lori, za mu Sakkwato, garin da ban taɓa gani ba.

Ita Badagomba ce, 'yar asalin Ghana, dokar ba ta shafe ta ba. Amma ta zo tasha da kwando cike da katunan da ta shirya wa Sallah, tana bin motoci tana rabawa.

Da ta miƙo mini ɗaya, na ce, "Mma, wace Sallah kuma? Me zan yi da fure?"

Ta harare ni. "Umoru, ba ka da hankali ne? Ƙasar Kumasi ce a hannunka. Riƙe da kyau, ita dai babu mai tambayarta takarda a boda."

Har yau katin yana wurina. Fentin ya koɗe tuni. Shatin yatsanta yana nan.