Goron da Na Kai Italiya

Ni ba mai yawan tune-tune ba ne. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana sayar da atamfa da turare a unguwar Goutte d'Or ta Paris, in ya ce zai zauna yana tuna baya, hawan jini ne zai gama da shi. Amma akwai tafiya guda da nake jin ko kushewa aka kai ni sai ta bi ni, ita ce wadda na yi zuwa Italiya tare da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ni da ban wuce aji biyar ba.

'Yata ce silar abin. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. A Paris aka haife ta, amma da ta girma sai na aika ta Lyon wurin ƙanwata a Rillieux-la-Pape, don na ga hayaniyar unguwarmu ba ta karatu ba ce. A shekararta ta ƙarshe ta kira ni, ta ce makarantarsu za ta kai su Italiya kwana shida, su ga ƙauyukan bakin teku da tsofaffin garuruwan kan dutse.

Na ce, "Wa kuka sani a can?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba. Karatu ne."

"Biki ake, ko rasuwa aka yi?"

"Gine-gine za mu gani."

"Gini? Duk ginin da ke Faransa bai ishe ku ba?"

A wurinmu mutum ba ya ɗaura kaya sai da dalili: fatauci, zumunci, gaisuwar mutuwa, ko Makka. Amma a ce ka tsallaka ƙasa don ka kalli bango, wannan sai wanda ya ƙoshi. Na ce ba za ta ba. Ƙanwata ta fizge wayar ta ce, "Yaya, ana neman iyaye 'yan rakiya. In ba ka yarda da kowa ba, ka ɗauki ƙafarka ka bi ta." Ta faɗa ne don ta rufe mini baki. Ni kuwa don taurin kai na ce a rubuta sunana.

Kafin in ci gaba, sai na faɗi abin da nake ɓoye a lokacin. Ubana magini ne a Damagaram, wato Zinder, maginin laka. Gidanmu shi ya gina da hannunsa, zaure mai zankwaye, gabansa duk zane. Na tashi yara suna ce mini ɗan mai kwaɓa ƙasa, kuma har na zo Faransa maganar ba ta bar kunnena ba. Da ya rasu, gidan ya zama nawa ni da ƙanena. Kowace damina sai yaɓe, kowace damina sai waya. Na gaji. Na ce a rushe shi, a gina butik shida na siminti, shagunan haya, jama'a su san ɗan magini ya je Turai ya dawo da abin nunawa. Muka tsayar da ƙanena cewa aiki zai fara ƙarshen wata, wato mako biyu bayan wannan tafiya. Uwata ban gaya mata ba. Sau biyu ta je gidan a hutu, na kuma ga yadda take shafa bangon kamar mai lallashin jariri. Amma na ce a raina, shawarar gini ba ta yara ba ce.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, daga can muka shiga kar, babbar motar fasinja. Kowane yaro da 'yar jakarsa a baya. Ni kuwa na zo da balis, wato akwati, irin ta mai zuwa gida: kilishi, dambun nama, dabino, da goro a jiƙaƙƙen tsumma. Ba wanda ya gaya mini cewa ƙauyukan nan ba su da hanya sai matakala. Gidaje ne a liƙe jikin dutse, wani bisa wani, ja da rawaya da ruwan hoda kamar an shanya atamfa, teku a ƙasa, ni kuma a tsakiya ina jan balis ina haki. Mushen da ya kawo yaran, wato malaminsu, wani siriri mai gilashi, sai ya tsaya gaban igiyar shanya ya yi bayanin rabin awa, yara suna rubutawa. Na matsa kusa da Uwata na ce, "Wannan fa talauci ne aka shafa wa fenti." Ta ce, "Baba, don Allah." Abinci kuwa kullum taliya ce, yau da ganye, gobe da kifi. Na rufe butik kwana shida na zo cin taliya.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abu guda. Kwana uku muna shiga garuruwan mutane, muna ɗaukar hoton ƙofofinsu, muna leƙa tagoginsu, ba wanda ya yi wa kowa sallama. Kamar awaki sun ga ƙofa a buɗe. A rana ta huɗu muka hau wani gari a yankin Toskana, kan tudu, da ganuwa da ƙofar gari da lunguna, in ka runtse ido sai ka ce tsohon garin Damagaram ne aka yi da dutse. Aka ce nan za mu kwana. Na ce to yau kam ba zai yiwu ba. Baƙo ba ya kwana a gari bai gaida mai gari ba.

Na sami matar da ke yi mana jagora, 'yar ƙasar ce amma tana jin Faransanci, na ce ta kai ni wurin mai gari. Ta ce magajin garin likitan haƙori ne, yana can ƙasa a wani gari, kuma ba a zuwa gaishe shi sai in takarda ake nema. Na ce to babba a garin fa, dattijo? Uwata ta riƙe mini hannun riga, muryarta ƙasa ƙasa, ta ce, "Baba, arrête, ka bari, kowa na kallonmu. Nan ba Zinder ba ne." Na ce, "Ko a wuta ne akwai babba." Jagorar ta yi dariya, ta nuna wani tsoho zaune kan dakalin dutse a bakin ƙofar gari, ta ce duk garin ba wanda ya girme shi, in gaisuwa nake so ga shi nan.

Na je na durƙusa, na gaishe shi da Hausa, tunda ko da Faransanci na yi ba ji zai yi ba. Na tambayi gida, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na kwance tsumma na ba shi goro. Ya juya shi, ya shinshina, ya gatsa. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ya tofar, ya yi wata magana da ƙarfi, yara suka fashe da dariya, Uwata ta rufe fuska da littafinta. Jagorar ta ce wai tambaya yake, laifin me ya yi mini. Sai shi ma ya kama dariya, ya miƙo mini hannu.

Da na kama hannun nan sai na daina dariya, na tsura masa ido. Tafin kamar dutsen niƙa, yatsun duk a tsage, farcen a daddauje. Na san hannun nan. Shi ne ya riƙa ja mini kunne ina yaro. Na ce wa jagorar, "Tambaye shi, magini ne?" Tsohon ya dube ni da kyau, ya ce tun bai yi gemu ba, kuma ubansa ma haka. Na ce ubana ma.

Shi ke nan, tsoho ya miƙe da sandarsa ya ce mu biyo shi. Ya kai mu wani lungu bayan ganuwa, ya nuna mana wasu 'yan alamu da aka sassaƙa a jikin duwatsu, wannan kamar ƙafar kaza, wancan kamar tsani. Ya ce kowane magini da shaidarsa, don a san aikin wa ne ko bayan ransa. Wannan ba ya cikin littafin jagora. Mushe ya kama rubutu, yaran da suka gama yi mini dariya suna ture juna su gani. Na kalli Uwata na ce, "Kin ga amfanin sallama?" A lokacin ji nake duk Italiya ba mai hankali kamata.

Sai mushe ya ce a gaya wa tsohon, lallai mutanen garin nan masu hikima ne da suka adana kayan kakanninsu. Tsohon ya yi tsaki irin nasu. Ya ce, "Hikimar me? Talauci ne. Garuruwan ƙasa da suka samu kuɗi duk sun rushe nasu sun yi siminti, yanzu ko kare ba ya zuwa kallonsu. Mu ba mu da abin rushewa ne, shi ya sa kuka same mu." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Tsohon ya juyo gare ni ya ce, to aikin ubanka fa, yana nan? Kafin in buɗe baki Uwata ta ciro wayarta. A nan na fara sanin cewa kowane ɗalibi zai yi jawabi gobe da safe, ita kuma nata a kan gidan kakanta ne, za ta gwada shi da wannan gari. Wata uku tana shirya shi. Ta nuna masa zankwaye, ta nuna masa zanen gaba, tsoho yana gyaɗa kai yana bin layin da ɗan yatsa. Sai ta kai wani hoto na cikin zaure, saman ƙofa, inda ruwa ba ya taɓawa. Tafin hannu biyu ne a jikin laka, babba da ƙarami. Tsohon ya ce babban ya gane, shaidar magini ce. Ƙaramin fa?

Uwata ta ce, "Ni ma ban sani ba. Baba, na wa ne?"

Wallahi na manta da shi sai a ranar. Ina ɗan shekara bakwai, ubana ya ɗaga ni kan tsani, ya danna hannuna a ɗanyen yaɓe kusa da nasa. Na ce, "Nawa ne." Tsohon ya buga mini kafaɗa, ya ce wa ke kula da gidan yanzu? Na ce, "Ni."

Na sulale na koma bayan ganuwa na kira ƙanena. Ya fara gaisuwa, ina gajiya ina iyali, na katse shi, ni da na tayar da hankalin mutane a kan gaisuwa. Na ce, "Maganar gida, a dakata."

Ya ce, "Yaya, ai albishir nake shirin yi maka. Mai katafila ya samu sarari, na ce me ake jira. Shekaranjiya aka gama. Fili fes, kamar ba a taɓa gini ba."

"Ba ƙarshen wata muka ce ba?"

"Na so in ba ka mamaki ne."

"Zauren fa?"

"Da shi aka fara. Ƙasar ma ba ta lalace ba, an cike ramin nan na bakin hanya da ita, maƙwabta sai sa maka albarka suke."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ma'aikaci a garinmu ya zo ranar da ya ce ba, balle kafin ranar. Sai a kan gidan ubana Allah ya shiryi mai katafila.

Da na so, da na yi shiru har mu koma. Amma ni ko me aka ce a kaina, ban iya kwana da ƙarya biyu ba. Bayan la'asar na same ta zaune kan ganuwa tana gyara takardunta, na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Yaushe ka yanke?" Na ce tun bara. Ta ce, "Kuma ka ce wa tsohon nan kai ke kula da shi." Ta tattara takardunta ta wuce.

Da safe ta tsaya a dandalin garin ta yi jawabinta tsaf, ko rawar murya babu. Aka tafa mata. Mushe ya ce wannan gida ya isa a je a gan shi da ido wata rana. Ta dube ni, sannan ta dube shi, ta ce, "Babu shi yanzu. Mai gidan ya samu kuɗi." Yara suka yi dariya, sun ɗauka barkwancin tsohon jiya take maimaitawa. Ni kaɗai na san ba da su take ba.

Yau shekaru sun wuce. Butik shidan suna nan, biyu da mutane, sauran awakin unguwa ke shan inuwarsu. Uwata kuwa, wadda na kai lakwal don kada ta taɓa ƙasa, aikinta ke nan yanzu, gyaran tsofaffin gine-gine a Lyon, hannunta duk ya tsage kamar na kakanta. Tana gaishe ni, tana zuwa Sallah, maganar gidan ce kawai ba ta taɓa ɗauko mini ba. Ta wanko mini hoton gidan babba, na rataye shi a butik ɗina, bayan teburin ciniki. Masu sayen atamfa sukan ce, "Alhaji, gidan wane sarki ne wannan?" Sai in ce na wani mai kwaɓa ƙasa ne.

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, ni dai mabuɗin ya zo hannuna bayan an rushe ƙofar. Abin da na koya shi ne, ladabi ba a bakin ƙofar wasu yake farawa ba. Na ɗauki goro tun daga Paris na kai wa uban wani a kan dutsen Italiya, amma gidan ubana ko sallama ban yi masa ba.