Ƙafar Mai Lamba Tara

A Gwammaja babu mai kiran yayana da sunansa na yanka. Koci ake ce masa, har limamin unguwa. Shi ne mai horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a wajen badala, kuma tun ina ɗan makaranta yake wannan aiki har furfura ta fito masa. Mutum ne mai kafiya. In ya hura usur, ko kaza ce a filin sai ta tsaya. Ni ban taɓa iya buga ƙwallo ba, ƙafafuna biyu duk na hagu ne in ji shi, amma ina bin sa kallo, in yi ta zagin alƙalin wasa har muryata ta dishe.

Yaya yana ɗan ɗingishi. Yana saurayi ya karye a ƙwauri, aka kai shi wurin wani mai ɗori a Ƙofar Ɗan Agundi, ƙashin ya haɗe. Tun daga nan bai yarda da kowa a kan ƙashi ba sai wannan tsoho. Targaɗe, gocewa, tsagewa, duk ɗan wasan da ya ji ciwo can ake kai shi, a yi tofi, a shafa man shanu, a jera kara a ɗaure. Da yawa sun warke, ba zan yi wa tsohon ƙarya ba.

A cikin 'yan wasansa akwai wani dogon saurayi, ɗan wani maɗinkin hula a Ƙofar Nassarawa. Lamba tara yake sawa, da ita kuma muke kiransa. Yaya ba ya yabon kowa, amma wannan yakan ce in Allah ya bar masa ƙafarsa sai an gan shi a talabijin.

A wasan kusa da na ƙarshe na gasar kwalejoji wani mai tsaron baya ya hau masa ƙwauri. Ina bakin fili, amma na ji ƙarar. Da muka isa, ƙashin ya huda fata ya leƙo. Muka sa shi a bas ɗin makaranta, direba ya waiwayo ya ce, "Koci, asibitin ƙashi ko?"

"Ɗan Agundi," in ji Yaya.

"Koci, wannan fa da jini."

"Ni na karye ko kai? Ja mota!"

Tsohon ya ja ƙafar, ya ɗaure tamau a kan raunin. Uban yaron ya zo yana ta sa wa Yaya albarka. Mako bai cika ba yatsun suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari. Sai a lokacin aka tafi asibiti, likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, babu wanda ya ce wa Yaya kanzil. Uban ya ce ƙaddara ce. Kwaleji ta ce ƙaddara ce. Suka ma ci kofin a shekarar, aka ɗaga Yaya sama ana tafi, shi kuwa fuskarsa kamar ta mai zaman makoki. Da an zage shi, da an kore shi daga aiki, ina jin da ya fi samun sauƙi. Ya ci gaba da horarwa har ya yi ritaya, amma ya daina tsawa, ƙungiyar ta lalace a hannunsa, yara suna zuwa atisaye lokacin da suka ga dama. Abu ɗaya ya rage yana nema a duniya, mai lamba tara ya ce ya yafe masa. Ya tura dattawa, ya je da kansa. Kullum amsar ita ce, "Ba komai, Koci." Duk Bakano ya san wannan maganar sallamar baƙo ce.

Shekarar da Yaya zai tafi aikin hajji ya bi gida-gida neman gafara kamar yadda aka saba, ni na raka shi. Muka tarar da mai lamba tara a soron ubansa, ya gaji ɗinkin hula, sandunansa jingine da bango. Ya zama magidanci, har da 'ya'ya. Yaya, da furfurarsa, ya durƙusa a gabansa. Na ji kunya, na ji takaici, na kau da kai.

"Ba komai, Koci. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Ba wannan na zo ji ba."

Ya soke allurar a jikin hula. Sannan ya dubi Yaya.

"Ina kwance a bayan motar nan, ina jin ku da direba. Na so in ce a kai ni asibiti. Amma kai ka koya mana ba a musu da koci." Ya shafa gwiwarsa. "Wallahi ina ƙoƙari, Koci. Duk azumi sai na gwada. Zuciyar ce ta ƙi tukuna."

A hanya na fara faɗa, na ce wannan rashin kunya ne, dattijo ya durƙusa maka ka mai da shi haka. Yaya ya ce in rufe masa baki, yau ne kaɗai wani ya gaya masa gaskiya.

Ya je hajjin ya dawo. Bai ƙara shekara biyu ba hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu. A ƙofar gida, kafin a yi masa salla, liman ya roƙi duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Tsoffin 'yan wasansa sun cika layin, amma ni mutum ɗaya nake nema. Na hango shi a sahun baya, rataye a kan sandunansa. Na zuba wa bakinsa ido. Bai motsa ba.

Da aka gama binnewa kowa ya watse, na dawo ɗaukar butar da muka manta. Mai lamba tara yana nan shi kaɗai a bakin kabarin, ya ajiye sandunan ya zauna a ƙasa, hawaye har gemu.

Ya ɗago ya gan ni. "Malam," ya ce, "ka je kawai. Ban gama gwadawa ba."