Ari ya tafi, katakon gidansa bai gama shan mai ba

Da safen nan ina shirin fita aiki aka kira ni, wai Ari ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ari abokin aikina ne a Shabu, kullum tare muke jerawa a mashin daga cikin gari. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki, jiya ma an ce ya sha kunu har ya yi hira. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Yanzu na shigo gida, jikina duk ya mutu. Wallahi na gaji da raka sa'o'ina maƙabarta.

Duk wanda ya san Ari ya san shi da galan ɗaure a bayan mashin. Mun sha yi masa tsiya a kan galan ɗin nan, shi kuwa ko a jikinsa.

Ni mutum ne mai son yin juyen mai da kaina a gida, kuma ba ni da haƙuri. In tara tsohuwar tasa, in kwance noti, man ya tsallake tasar ya bi siminti har wurin wankin uwargida. Kaji su taka su shiga falo. Ranar sabis ɗin mashin ranar faɗa ce a gidana, maƙwabta ma sun haddace.

Wata Asabar ya biyo ta wurina, ya tarar ina kora baƙin mai cikin kwata da tsintsiya. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Oga Sani, rufin gidana ne fa kake zubarwa a kwata. Abeg, ka bari."

Na ɗauka wasa yake. Ashe gida yake ginawa a Adogi, bulo ya kai linta, ya sayi katakon rufi ya jibge. Ƙasar wurin kuwa gara ce da ita ta fitar hankali. Shi ne yake bi yana tara tsohon mai, yana shafe katakon ɗai-ɗai da buroshi, don gara ba ta cin katakon da ya sha baƙin mai. Shi da matarsa da yaransu a ɗaki ɗaya suke, a gidan yayansa.

Daga ranar ya karɓe juyen mashin ɗina. Ya shimfiɗa kwali, ya kwantar da tsohuwar jarka da ya yanke mata gefe. Ya tayar da inji ya ɗan ɗumama, ya kashe. Ya sassauta noti da sifana, ya ƙarasa da yatsu yana danne shi, sai ya zo ƙarshe ya fizge hannu. Filta kuwa leda yake sa wa hannunsa, ya zaro ta ya juye ledar a kanta. In ɗigo ya kuɓuce, toka ce maganinsa.

Ranar matata ta fito da shirin faɗa, ta duba siminti ta gan shi tas, ta koma ciki. Tun daga nan in ta ji ƙarar mashin ɗinsa sai ta ɗora ruwan shayi.

Ba ni kaɗai ba ne. Yau a wurin jana'iza na ga mashina jere, kusan kowa yana cewa Ari ne ke masa juye. Bai taɓa karɓar komai ba, man kawai yake so. Akwai ranar da taya ta yi min faci a hanya ana ruwa, ya sauka muka tura tare, nasa mashin lafiyayye yana ja.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a gidana ce, kafin ya kwanta. Ya zo fuskarsa ta faɗa, ya zauna a benci ya ce yau ni zan yi, shi kallo zai yi. Mai bai gama tsiyaya ba na kai hannu zan mayar da noti.

"Kai dai sauri ne matsalanka. Bar shi ya tsane, babu inda zai gudu."

Na ce ya je asibiti, ya ce zai je. Na tambaye shi aikin gida, ya ce saura katakon ɗakin yara, yana so su tare kafin ruwa ya sauka.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga yi wa matarsa ta'aziyya. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kira ni da sunan 'yata, ta ce, "Baban Amina, katakon nan yana waje fa. Har jiya maganar da yake yi ke nan."

Na kasa wucewa gida, na juya kan mashin zuwa Adogi. Na tarar da katakon a jibge bayan ginin. Waɗanda ya shafa baƙi ƙirin, babu abin da ya taɓa su. Fararen kuwa gara ta riga ta fara yi musu gini da jar ƙasa. Na sa hannu na kakkaɓe, na ɗora su a kan bulo, iyakar abin da na iya ke nan.

Ba na son dogon surutu a nan. Duk wanda Ari ya taɓa durƙusawa a ƙarƙashin mashin ɗinsa, in ka yi juye a satin nan kar ka zubar. Zuba a galan, mu haɗu a Adogi ranar Asabar. Mai buroshi ya zo da shi. Ban san yadda za mu yi da kwanon rufi ba tukuna, amma gara ba za ta jira mu gama tunani ba.

Allah ya jiƙan Ari, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi gida a Aljanna wanda ya fi wannan da bai kwana a cikinsa ba ko sau ɗaya. Allah ya ba mu ikon rufa wa 'ya'yansa nasu.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.