Shirun da Yaya ya bar mini

Yayana ne ya fara sa mini ran fita waje karatu. Lokacin ina koyar da kimiyyar noma a wata sakandaren 'yan mata a Safana, shi kuma malamin Turanci ne a Batsari. Ƙarshen mako mukan haɗu a gida, wani ɗan ƙauye bayan Wagini, inda Inna take zaune da awakinta. A can ya nuna mini sanarwar a wayarsa: digiri na biyu a Turai, su biya makaranta, su biya jirgi, har na abinci su ba ka. Na ce masa irin wannan ai ta 'ya'yan manya ce.

"Ke dai Auta akwai ki da raina kanki," ya ce. "Mi ɗiyan manya suka sani a kan ƙwaron wake? Ke ko da shi kika tashi."

A kan ƙwaron waken kuwa na yi rubutuna na neman gurbin, yadda yake cinye wa matan garinmu wahalarsu tun kafin ta kai kasuwa. Bayan wasu watanni saƙo ya zo cewa na tsallake zagayen farko, saura intabiyu ta bidiyo. Turancina na takarda ne, da na buɗe baki sai ya watse.

Yaya ya ce wannan ƙaramin abu ne. Wata Asabar da hantsi ya karɓi wayata, ya zauna a tsakar gida, ya toshe hanci da yatsu biyu wai shi Bature, ya shiga naɗar tambayoyi da Turanci. Wace ce ke? Me ya sa kika zaɓe mu? Me ya sa za mu ɗauke ki mu bar wasu? Bayan kowace tambaya sai ya yi shiru, daidai tsawon amsar da ya kamata in bayar. Inna tana daka a gefe tana yi masa dariya, yana harararta da wasa.

"In kin koma Safana ki riƙa kunnawa kina cike gurbin," ya ce. "Ki lura da ta ƙarshe. Ba su son wanda zai tafi ya maƙale masu, dole su yi maki ita."

Ta ƙarshen ita ce: idan kin gama, ina za ki koma, wa za ki amfana? Amsarta na fi haddacewa, don ba ƙarya a ciki. Garinmu zan koma, wajen matanmu da rumbunansu. Ina wanki ina amsawa, ina shara ina amsawa, har malamar da muke ɗaki ɗaya ta ce aljanin Bature ya shige ni. Da Yaya ya rufe baki nake ɗauka, ba na barin ko numfashi ya ratsa.

Sai abubuwa suka ƙara lalacewa. Mun daɗe muna jin labarin mutanen daji masu satar mutane, amma a damunar nan suka matso kusa. Aka rufe kasuwanni, aka yanke layin waya a yankinmu baki ɗaya. Yaya ya ɗauko Inna ya kawo ta Batsari, ɗakin haya. Daga baya ya koma a kan babur don ya kwaso ɗan waken da ya rage. Masu wucewa suka ga babur ɗin yashe a gefen hanya, buhun yana nan ɗaure. Shi ne ba a gani ba.

Mutane suka ce mu jira, za su kira. Da me za su kira, layi a yanke? Ba mu ga gawa ba, ba mu yi jana'iza ba. Duk wanda ya zo wa Inna da ta'aziyya sai ta ce jaje za ta karɓa, ɗanta tafiya ya yi. Kafin a gama girbi garinmu ya watse, ko kaza ba a bari ba.

Na ce na fasa intabiyun. Inna ta dube ni ta ce, "To shi da ya toshe hanci yana gwaranci a tsakar gidana, don ki zauna ya yi? Tashi ki tafi."

Na tafi Katsina gidan gwaggona, don can akwai sabis. Ranar intabiyun da safe na kunna naɗin don in yi bita. Muryar Yaya ta fito ta hanci, wace ce ke, sai bakina ya ƙi buɗuwa. A ranar na fara jin abin da ke cikin shirun nan. Ashe ba shiru ba ne. Ga tabaryar Inna tana sauka a turmi. Ga injin niƙa daga nesa, ga jakin maƙwabcinmu, ga wata mata tana sallama tana neman aron rariya. Can ƙasa kuma ga numfashin Yaya yana danne dariya. Duk watannin nan garinmu yana cikin wayata, ni ce nake rufe shi da Turancina. Na yi kuka har gwaggo ta shigo ta riƙe ni.

Mutum uku ne suka bayyana a allon kwamfuta. Tambayoyinsu kamar sun saci amsa wajen Yaya. Da aka zo ƙarshe, wata dattijuwa mai furfura ta yi mini tambayar nan da Yaya ya ce in lura da ita, sannan ta yi shiru tana jira. Shirunsu fes yake, babu komai a ciki, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Amsar da na haddace tana kan harshena, amma ta riga ta zama ƙarya. Na ce mata garin da na rubuta a kansa babu kowa a cikinsa yanzu. Na ce matan suna nan a Batsari cikin kangwaye da gidajen dangi, kuma ƙwaro bai daina cin ɗan waken da suke samu ba. Na ce ban san inda zan koma ba, amma na san wajen waɗanda zan koma.

Sun ɗauke ni. Na je, na gama, na dawo, a Katsina nake aiki yanzu. Ban sake taka garinmu ba. An ce ciyawa ta rufe tsakar gidanmu. Inna har yau in babur ya tsaya a ƙofa sai ta gyara zama.

Na canza waya ba sau ɗaya ba, naɗin yana biye da ni. Wani lokacin ina kunnawa in amsa masa, amma da Hausa. Ya ce wace ce ke, in ce Auta ce, Yaya, in ba shi labarin Inna da ciwon ƙafarta. Ta ƙarshen ce kawai ba na amsawa. In na yi magana, ba zan ji dakan Inna ba.