Babba Ba Ya Riƙe Jaka

Na daɗe a sashen tarbar baƙi na ma'aikatarmu a Gusau, abin da muke kira furotokol, kuma in dai gaskiya za a faɗa, ban taɓa karanta takardar baƙo har ƙarshe ba. Ina da ido, in ji ni. Kowa a ofis ya san takena: babba ba ya riƙe jaka. In motoci suka tsaya ba sai an gaya mini komai ba. Zan duba wanda ya fito daga kujerar baya, hannunsa wayam, yana takawa sannu a hankali, in nufe shi da "ranka ya daɗe". Wanda ya fito da fayil ko jaka ko lema kuwa, yaron gida ne, komai furfurarsa. Dabarar ta yi mini aiki shekara da shekaru, domin manyanmu haka suke. Akwai wanda ko wayarsa wani ke riƙe masa, in ta yi ƙara a kara masa a kunne. Har sababbin ma'aikata nakan tara ina koya musu wannan ilimi, suna gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gyaɗa mini kai ba, shi ne babana. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Nahuce, bai yi boko ba, kuma bakinsa yana da nauyi wajen yabo. Wana da ya zama malamin asibiti, babana ya gane aikinsa, ƙanena da ke sayar da taki ya gane nasa. Nawa ne ya gagare shi. Ranar wata Sallah na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato kai aikinka nuna ma mutane kujera?" 'Yan'uwana suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma maganar ta zauna mini a zuciya. Ina da mata da 'ya'ya, ina da mota, amma abin da nake nema a duniya bai wuce tsohon nan ya gan ni a bakin aiki ya ce madalla ba.

Sai ga dama ta zo har gida. Wata ƙasa mai nisa ta gina wa ƙauyenmu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki da famfuna, kuma jakadanta da kansa zai zo buɗewa. Filin da aka yi ginin a kai gefen gonar babana ne, shi ya ba da shi kyauta. Saboda haka mai gari ya ce babana ne zai tari ruwan farko ya miƙa wa babban baƙo, tunda a wurinmu ruwa ake fara ba wa baƙo kafin a tambaye shi labari. Da na ji haka na dinga sintiri a ofishin darakta har ya gaji ya ba ni aikin. Na kai sabuwar shadda wurin tela, na sa aka zuba mata sitati har tana iya tsayuwa ita kaɗai.

Ofishin jakadan ya aiko da ambulan mai kauri. Na buɗe shafin farko, na ga lokacin isowa da adadin motoci, na mayar na jefa a aljihun tebur. Daga baya ne na san cewa a shafi na uku akwai hoton jakadan, babba, mai kala, yana murmushi.

Al'adarmu ce a tari babban baƙo tun daga bakin iyakar jiha, don haka da hantsi ina tsaye bayan Tsafe da jif ɗin ma'aikata da motar 'yan sanda. Kwamishina wani taro ya riƙe shi, ya ce in wakilce shi, zai same mu a ƙauye. Wannan ma ya ƙara mini iska a kai. Motocin baƙi biyu suka iso suka tsaya. Daga kujerar gaba, kusa da direba, wani ɗan siririn dattijo ya buɗe wa kansa ƙofa ya fito, riga mai gajeren hannu, hular rana, jaka rataye a kafaɗa. Ban ko yi masa kallo na biyu ba. Daga baya kuma sai ga wani ƙato ya fito, baƙar kwat, baƙin tabarau, wuya kamar na bijimi, hannuwansa biyu wayam. Zuciyata ta ce, ga naka nan.

Na rusuna, na kama hannunsa da hannu biyu, na kwararo masa jawabin maraba da na kwana uku ina haddacewa. Mutumin ya ja da baya yana girgiza kai, yana cewa a'a, a'a, yana nuna ɗan siririn. Turancinsa kaɗan ne, amma a'a ɗin ta fito sarai. Ni kuwa ɗan Hausa ne, na san wannan a'a. Ita ce wadda baƙo yake yi in an ce bismilla ga tuwo, ita ce wadda surukinka yake yi in ka shimfiɗa masa darduma. Mutumin kirki ba ya karɓar girma a tayin farko, sai an matsa masa. Na ce a raina, kai, ashe su ma suna da kawaici, har yana so a fara gaisa da yaronsa. Na ƙara matsawa. Ya ƙi sau uku, na nace sau huɗu. Can ɗan siririn ya ce masa wani abu da harshensu yana 'yar dariya, sai ƙaton ya yi shiru ya bi ni kamar rago.

Na buɗe wa ƙaton ƙofar baya ta jif, wurin mai gida, na zagaya na zauna kusa da shi. Ɗan siririn na nuna masa gaba, wurin ɗan rakiya, ya shiga da murnarsa. Tunda na ga yana son riƙe kaya, sai na ɗora masa fayil-fayil ɗina da ledar takardun jawabi a cinya. Ya karɓa ya ce ya gode.

Daga Tsafe zuwa Gusau na yi wa ƙaton nan lacca. Da muka zo saitin dutsen Kwatarkwashi na ba shi tarihi, rabinsa na gaskiya, rabinsa na ƙirƙira a nan take. Shi dai gumi yake yi cikin sanyin mota, idonsa a kan ƙeyar wanda ke gaba. Na ɗauka zurfin tunani ne irin na manya. Ɗan siririn kuwa bakinsa bai huta ba. Yana nuna gonaki yana tambaya wanne ne gero wanne ne dawa, yaushe ake girbi, mata nisan ina suke zuwa ɗebo ruwa. Da abin ya ishe ni, na dafa kafaɗarsa na ce masa cikin ladabi ya ɗan rage surutu, mai girma yana hutawa. Ya ce in yi haƙuri. Direbanmu ya kalle ni ta madubi, ni kuma na ɗaga masa gira, wato ka ga yadda ake aiki.

Muka ratsa Gusau da jiniya, muka wuce Bungudu, muka saki kwalta. Ƙauye ya cika maƙil. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, a tsakiya ga kujera mai laushi da aka aro daga gidan wani ɗan kasuwa. Kafin ƙaton ya zauna na fito da babbar rigar da ma'aikata ta ɗinka don kyauta na zura masa a kan kwat. Telanmu ma'auni ɗaya muke ba shi kullum, ma'aunin manya, kuma rigar ta zauna masa cif. In da akwai sauran shakka a raina, nan ta ƙare. Na zaunar da shi, ya ɗosana a bakin kujerar kamar akwai ƙaya a ciki. Kujeru suka ƙare a kan manyan gari, ɗan siririn ya tsaya a bayan rumfa inda inuwa ba ta kai ba, rungume da fayil-fayil ɗina. Na hango babana a sahun gaba cikin farar rigarsa ta zuwa Idi, na ƙara gyara tsayuwa.

Kwamishina bai iso ba, rana tana yi, mai gari ya ce a ba baƙo ruwa tukuna. Na karɓi abin magana na sanar da lasifika cewa yanzu dattijon da ya ba da fili zai miƙa ruwan farko, kuma ban manta na ƙara da cewa mahaifina ne ba. Babana ya tashi, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Ya tari ruwan a sabon ƙoƙo, ya riƙo da hannu biyu, ya taho a hankali. Ya zo gaban kujera mai laushi, ya wuce ta. Ya zagaya bayan rumfa ya nufi ɗan siririn.

Abin da na yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. Na bi shi da sauri, na cafke wuyan hannunsa, na ce, "Haba Baba! Ba ka san tsari ba ne? Wannan ai ɗan rakiya ne. Kada ka ba mu kunya." Abin maganar yana hannuna na hagu, a kunne. Duk ƙauyen ya ji, har matan da ke can bakin tanki. Ƙoƙon ya kuɓuce, ruwan ya zube a gaban farar rigar, ƙura ta manne. Wurin ya yi tsit. Babana ya dubi hannuna a kan nasa har sai da na saki.

A cikin wannan shirun muka ji jiniyar kwamishina. Ya fito yana ba da haƙurin latti, ya dubi kujera mai laushi ya ɗan yi turus, ya waiga, sai ya nufi bayan rumfa da hannu biyu a miƙe yana cewa, "Ranka ya daɗe, Jakada! Me kake yi a rana?" Ƙaton ya miƙe zumbur ya tuɓe babbar riga, ya koma bayan ubangidansa ya tsaya, karon farko da na ga hankalinsa ya kwanta. Ashe mai tsaron lafiyar jakadan ne. Hannunsa wayam yake domin aikinsa ke nan, kada wani abu ya taso yana riƙe da jaka. Kallon kitse na yi wa rogo tun daga Tsafe.

Jakadan ya miƙo mini fayil-fayil ɗina, ya tabbatar babu wanda ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauki ƙoƙon daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya miƙa wa babana da hannu biyu yana nuna famfo. Babana ya koma ya sake tarowa, jakadan ya shanye tas, aka yi tafi. Da aka zura masa babbar rigar kuwa, sai da mutum biyu suka tattare masa ita. Ni ina gefe cikin shaddata mai sitati, ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Ofishin jakadan bai kai ƙara ba, har wasiƙar godiya suka aiko. Kwamishina ne bai yafe ba. Aka ba ni takardar tuhuma, aka mayar da ni ɗakin ajiyar rumfuna da kujerun taro. Da can ina nuna wa mutane kujera, yanzu gadin kujerun nake yi. Sababbin ma'aikatan da na koyar suka riƙa ɓoye jakunkunansu a baya in sun hango ni. Duk wannan na shanye, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne hannun nan da na riƙe.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa gida. Kafin nan labari ya gama gari cewa tsoho ya gane jakada da ido ɗaya, ɗansa mai digiri ya kasa. Na same shi da la'asar a gindin rumbu yana gyaran igiyar awaki. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, bai ɗago ba. Na daɗe a tsugune. Halin nawa dai bai bar ni ba, ina so in san dabarar, ko zan ƙara a kan tawa. Na ce, "Baba, don Allah, ta yaya ka gane shi ne jakadan?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya ce maka na gane? Ni ban san shi na jakada ba."

Na ce, "To me ya sa ka wuce na kan kujera?"

Ya ce, "Tun da kunka iso nike kallon mutumin ga. Kowa zamne cikin inuwa, shi tsaye cikin rana, an labta mai kaya, leɓenai ya bushe. Wanda ka aza bisa kujera ga ruwan gora nan gabanai. To wa za a ba ruwa?"

Ya koma kan igiyarsa, ya ja ƙulli ya ɗaure, sannan ya ƙara da cewa, "Baƙo ka kasa ganewa, wanga ba komi ba na, kowa na kure. Amma da ɗan rakiyar na gaske na, da ka hana shi sha ke nan, kuma da babu wanda za ya ce ka yi laihi."

Na zo da shirin jin kunyar rashin gane babba, sai ga shi ba ita ce kunyar ba. Shekarun nan duka da na yi ina duba hannun mutane, ban taɓa duban wanda ke riƙe da jakar na ga ko yana jin ƙishirwa ba. Na zauna a ƙasa kusa da shi, idona ya cika, ban damu da shaddar da ke jikina ba. Farar rigarsa ta Idi tana shanye a kan danga, an wanke ta, amma jan tabon bai gama fita ba.