Tela, Jikana Ya Yi Dariya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Tela, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon shekara. Autarsa ce ta zo ta faɗa mini. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, ta ce, "Baba Kafinta, abokinka ya tafi." Ina riƙe da kofin shayi a lokacin. Na ɗora shi a kan taga, a can na same shi washegari.

Manyan unguwa sun san shi da keken ɗinki. Yaran makaranta sun san shi da littafin ban dariya da ya rubuta musu, Shekarar da Wandona Ya Ɗangale. Ni kuwa na san shi tun muna yawo ba takalmi. Saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri, da shi zan yi magana kai tsaye, yadda na saba.

Tela, kai ne ka ja ni makaranta da furfurata. Bayan rasuwar uwar 'ya'yana na zama mutumin da ke zama a shago har rana ta faɗi, ba don aiki ba, don dai kada in koma gidan da ba mai amsa sallama. Ka lura, amma ba ka yi mini wa'azi ba. Wata rana ka zo ka ce an buɗe ajin manya da yamma, in tashi mu tafi. Na ce, da wannan furfurar? Ka ce ai ba furfurar ce za ta riƙe fensir ba. Haka muka je muka zauna a bencin yara, gwiwoyinmu na tokare da tebur, Malama kuwa ba ta kai sa'ar autarka ba. A makon farko bencin ya karye a ƙarƙashinka. Washegari na zo da guduma da ƙusa na gyara, kai kuma ka yi ta gaya wa mutane wai ilimi ne ya yi masa nauyi. Ka riga ni gane karatu nesa ba kusa ba, amma kullum sai ka tsaya a shafin da na tsaya, ka ce kai ma wurin ya ba ka wuya. Na san ƙarya kake yi. Da ba don wannan ƙaryar ba, da ba ni ne mai rubuta wannan takarda ba yau.

Mutane za su faɗi alherinka da yawa, ni ga wanda na gani da idona. Ba ka taɓa ɗinka wa yaro wando ba tare da ka ninke masa ragowar yadi a ƙafa ta ciki ba. In shekara ta zagayo wandon ya ɗage, sai ka hango yaron yana rakuɓewa a gefen hanya, ka kira shi ka ce, "Kai, me wandon nan ya yi maka ka tafi ka bar shi a baya?" Ka ba shi zane ya ɗaura, ka warware ninkin, ka goge, ya tafi yana taƙama. In kuwa yarinya ce da ta fara girma, ba ka gwada ta da kanka. 'Yarka kake kira, kai ka juya wa ɗakin baya kana ta fama da zaren da ba abin da ya same shi.

Littafin ma daga ajin yamma ya fito. Malama ce ta ce kowa ya rubuto abin da ya tuna yana ɗan shekara goma sha uku. Ni na rubuta layi kaɗan na ajiye. Kai ba ka ƙara ajiye biro ba. Labarin yara biyu ne, Tulu mai ƙiba da Tsinke siriri, a shekarar da jikinsu ya fara yi musu abin da ba su aike shi ba. Akwai babin da Tsinke ya ga gashi a hammatarsa, ya ɗauka muguwar cuta ce, ya raba wa abokai kayan wasansa yana neman gafara, da ya ga bai mutu ba kuma ya bi su gida gida yana karɓa. Akwai babin da ya saci rezar babansa ya aske fuskar da ba komai a kanta don gemu ya fito, ya yanke haɓa. Duk wanda ya san mu ya san waye Tsinke. Da Malama ta taimaka aka buga littafin, na daina yi maka magana har sai da ka aiko mini da sabuwar riga. Na sa rigar, amma har yau ban yarda cewa na yi kuka a wancan babin ba.

Kana da wata ƙa'ida ta aiki. A wurinka babi bai kammala ba sai yaro ya karanta maka shi da ƙarfi. Ka sa na yi maka benci a ƙofar shago saboda haka. Yaro na karatu, kai kana taka keke, kunnenka na wurinsa. In ya yi dariya ka bar shafin, in ya yi hamma ka yage. Babi ɗaya ne ka ce ba ka taɓa jin sa yadda kake so ba, wanda muryar Tsinke ta fashe yana tsakiyar magana a gaban jama'a. Ƙananan yara muryarsu garau take, sai babin ya fito lami. Waɗanda suka kai shekarun kuma ko kusa da bencin ba sa zuwa.

To, ka san abin da ya same ni bana. Ɗana yana aiki a nesa, ya bar mini ɗansa ya yi makaranta a wurina, ya kuma ɗebe mini kewa. Yaro ne mai surutu, har nakan ce ya bar kunnena ya huta. Sai rana ɗaya ya dawo daga makaranta ya shige ɗaki. Daga baya na ji abin da ya faru. An tashe shi ya yi karatu a aji, muryarsa ta haye sama ta faɗo, aji ya ɗauki dariya, wani ya yi masa cara, aka laƙaba masa Zakara. Abin da ya fi yi masa ciwo, amininsa, ɗan mai gyaran keke, yana cikin masu dariyar. Daga ranar jikana ya rufe baki. Eh da a'a da kai yake yin su. Ya daina zuwa makaranta. Shugaban makarantar ya aiko cewa in bai koma ba kafin ƙarshen zango za a cire sunansa. Ubansa ya bugo waya ya ce in zane shi, ko in saka shi a mota in aiko masa da shi. Ban iya ko ɗaya ba. Zama in yi masa bayani ma ban iya ba. Mu ba wanda ya zaunar da mu, kuma duk sanda na buɗe baki sai kunya ta riƙe mini harshe, in ɓige da tambayarsa ko ya ƙoshi. Mu biyu a gida, muna cin abinci ba abin da ake ji sai ƙarar cokali. Na taɓa zama ni kaɗai a gidan nan, amma wancan shirun bai kai wannan nauyi ba.

Lokacin kana kwance, idonka ya yi rauni. Ban so in ɗora maka damuwata ba, amma ka ji ta a gaisuwata. Ka ce in zo maka da shi. Da ƙyar na jawo shi. Ya durƙusa a bakin gado ya sunkuyar da kai.

"Babban mutum," ka ce, "aiki zan ba ka. Za a sake buga littafina, idona kuma ya ƙi. Ina neman mai karanta mini babi ɗaya."

Ya girgiza kai.

"Ni ba na gani sosai, in kai kake girgizawa ka faɗa da baki."

Can ƙasa ya ce, "Muryata ta lalace." Makonni ke nan ban ji maganarsa ba.

"Alhamdu lillahi!" ka ce, har sai da tari ya sarƙe ka. "Irinta nake nema tun da na rubuta babin. Tawa ta warke tun kafin a haifi ubanka, ta kakanka kuwa dama can ba ta da daɗi. Ɗauki littafin ga shi can kan akwati. Amma ka hanzarta, irin wannan murya ba ta daɗewa. Ni ma haka."

Ya ɗauki littafin, bai karanta ba ranar. Da za mu fita ka riƙe hannuna ka ce kada in tambaye shi komai, kada kuma in leƙa ɗakinsa. Na bi maganarka. Ina ganin littafin yana canza wuri, yau a kan tabarma, gobe a ƙarƙashin matashi, amma bakin yaron na nan a rufe. Kafin ya shirya, kai ka shirya.

Ya bi mu maƙabarta. Ya tsaya daga baya, hannunsa a aljihu, bai ce wa kowa komai ba. Na ce a raina shi ke nan, mai dabarar ya tafi, sai in fara haɗa wa yaron kayansa.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da la'asar, ina zaune a ƙofar ɗaki ba abin da nake yi, sai ga shi ya fito da littafin. Ya jawo kujerar da kake zama in ka zo, ya zauna, ya ce, "Kaka, tunda shi ba ya nan, kai za ka saurara." Ya fara. Muryar na tafiya a ƙasa kamar ta babba, sai ta zame ta yi sama kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Bai tsaya ba. Da ya kai inda Tsinke ya miƙe a gaban mutane ya buɗe baki muryarsa ta yaudare shi, tasa ma a daidai wurin ta tsinke. Na ciji leɓe, na kalli ƙasa, ina roƙon Allah kada dariya ta kuɓuce mini. Shi ne ya fara. Ya yi dariya har littafin ya faɗi, har ya kwanta a kan kujera yana riƙe ciki, dariyar ma rabi ta yaro rabi ta babba. Ni ma na saki tawa, hawaye na bin gemuna, ban san na wanne ba ne.

Da ya natsu ya ƙura mini ido ya ce, "Kaka, kai ne Tsinke?"

Na ce Allah ya kiyaye.

"To tabon haɓarka fa?"

Na ce guduma ce.

"Guduma a haɓa? Kaka, ka ji tsoron Allah."

Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Yaushe muryata ta daidaita, ko ƙurajen fuska suna tafiya, ko da gaske Tulu ya yi wa Tsinke dariya a gaban mutane amma suka shirya. Na ce da gaske ne, ya yi mini, kuma shi ne ya zauna kusa da ni har tsufa. Abin da na kasa faɗa wata da watanni ya fito da sauƙi, domin ba maganarsa muke yi ba, maganar Tsinke muke yi.

Ranar Litinin na tashi na tarar ya sa kayan makaranta, littafin na cikin jaka. Da yamma suka dawo tare da ɗan mai gyaran keke, suna gardama a kan wanda ya fi kama da Tulu. Ɗayan ma ashe muryarsa ta fara rawa. Na ji jikana yana ce masa, "Sannu da zuwa, ƙanin Zakara."

Tela, ban san lokacin da na ɗauki hula ba. Murna ce ta ɗauke ni. Na bi layin nan da sauri kamar ba ni ne mai ciwon gwiwa ba, ina shirya yadda zan ba ka labarin, inda zan fara, inda zan tsaya in bar ka ka yi dariya. Sai da na sha kwana na ga kwaɗo a ƙofar shagonka. Bencin na nan a waje, ƙura ta fara hawa. Mai wanki na maƙwabta ya ɗago kai ya ce, "Baba, wa kake nema?" Na ce ba kowa. Na zauna a bencin har aka kira sallah. Ban taɓa sanin cewa farin ciki ma yana buƙatar wanda za a kai wa ba. Mutanen da zan iya gaya wa suna da yawa, kowa zai ce madalla. Amma kai kaɗai ne za ka tambaye ni a daidai wace kalma muryar ta tsinke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidan Tela da ta yi jinyarsa ba gajiya, da 'ya'yansa da jikokinsa, musamman autarsa da ta ɗauki nauyin kawo mini labarin da ba mai son kaiwa. Ina yi wa Malama ta'aziyya, da sauran 'yan ajinmu da suka rage, da duk yaron da ya taɓa zama a bencin nan. In za a sake buga littafin, ina shaida wa iyalansa cewa babin muryar ya kammala. An karanta shi yadda yake so, an yi dariya, kada a taɓa ko wasali.

Ya Allah, bawanka ya rufa wa yara asiri a shekarun da suka fi jin kunyar kansu, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalansa haƙuri, ka raya mana yaranmu cikin aminci. Mu da muka rage ka sa mu cika da imani, ka kuma haɗa ni da shi a inda ba a rabuwa, domin ina da labarin da ban ba shi ba. Amin.